An Gaya wa Innarku?

Jiya a kasuwar Rogo na ji sanarwar rasuwa a rediyon mai shayi, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. Aikinsa ke nan a gidan rediyo a Kano, kullum da kanumfari a bakinsa saboda murya.

Ranar da ƙanena ya rasu, na iske shi zai fara shiri. Na ce ya sanar yanzu, don mutanen Karaye su samu jana'iza.

Ya ce, "An gaya wa innarku?"

Na ce, "Ba a isa wurinta a Kafin Dafga ba tukuna, Kawu."

"Rediyonta a kunne yake yini. Ba daga bakina za ta ji ba."

Na ɗaga masa murya, har na ce zai hana mamaci jama'a. Sai ya shige ɗakin watsa shiri. Ina tsaye bayan gilashi ina gumi, shi kuwa yana ta karanta gaisuwar masu sauraro yana kallona. Sai da yayarmu ta bugo cewa tana riƙe da Inna na ɗaga masa hannu. Sannan ya faɗi sunan ƙanena.

Jana'izar ba ta cika ba, amma a hannun 'yarta Inna ta ji.

Allah Ya tausaya masa kamar yadda ya tausaya mata.