Anti Safara'u da Fim ɗin Ranar Asabar

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2025, ina cikin bas a Birmingham zan tafi aiki wayata ta yi ƙara. Yusra ce, 'yarki. Ta ce, "Anti Celestina, Mummy ta rasu ɗazu da safe." Ta yi salati irin naku, ni kuwa na ce "wayyo Allah". Har bas ta wuce inda zan sauka da tasha biyu ban sani ba. Jinyar mako uku kika yi a asibiti a Manchester, ciwon hanta, kina da shekara hamsin da tara. Ranar Alhamis aka yi miki sutura.

Anti Safara'u, mutane da yawa za su faɗi aikinki na tafinta: shekara ashirin da ɗoriya kina tsayawa tsakanin likita da marar lafiya, kina mayar da Turanci Hausa, Hausa Turanci, ba a taɓa jin sirrin wani a bakinki ba. Ni wani abu dabam nake so in rubuta, abin da na shekara bakwai ina mamakinsa. Yaya aka yi mace mai kamun kai irinki, wadda carbi ba ya barin hannunta, take tara tsofaffin mata a falonta duk Asabar tana nuna musu fim ɗin zane na ƙasar Japan?

A ƙarshen 2018 muna zaune a Salford, gefen Manchester, a hawa na tara na wani dogon bene. Na koma aiki bayan haihuwar ɗana Ethan, sai ni da maigidana Jeremiah muka ɗauko mahaifiyata daga Jos ta yi mana reno na wata shida. Ngo muke ce mata, yadda Birom ke kiran uwa. Mace ce da ta shekara talatin tana sayar da dankali a kasuwa, bakinta ba ya hutawa daga safe har yamma. A nan kuwa mu fita da sassafe, mu bar ta daga ita sai jariri sai taga. Ta gwada gaishe da maƙwabta a cikin lif, suka yi mata murmushi suka mayar da ido kan wayoyinsu. Kafin wata biyu abinci ya daina shiga, maganarta ta koma "to" da "a'a".

Na kai ta wurin GP, wato likitan unguwa, aka ce sai an kira tafinta. Ke aka kira. Kin yi aikinki yadda ya kamata, ba ki ƙara ba, ba ki rage ba. Sai da muka fito muna jiran bas kika matso kusa da ita kika ce, "Mama, yaushe rabonki da hira?"

Ngo ta yi ɗan tunani ta ce, "Tun filin jirgin Abuja."

Kika juyo gare ni kika ce, "Ƙanwata, ranar Asabar bayan azahar ki kawo mini ita gidana a Old Trafford. Ki zo da yaron ma."

Mun tarar da mata biyar a falon, dukansu kakanni ne da aka ɗauko reno, daga Zariya, Kafanchan, Gombe da sauransu. Akwai masa da kunun gyaɗa. Da na ga kin nufi talabijin na ɗauka fim ɗin Hausa za ki sa, ko na Indiya. Sai ga zane, mutane masu manyan idanu suna magana da wani yare, Turanci yana gudu a ƙasa. Gaskiya raina ya ɗan ɓaci. Na ce a zuciyata, na ɓata ranar hutuna na kawo uwata kallon katun irin na yara.

Kika zauna a kan kafet kusa da talabijin, rimot a hannu, kika fara fassarawa. Sunan fim ɗin da na mutanen ciki sun fi ƙarfin harshen tsofaffin, don haka su suka raɗa musu nasu. Labarin wata yarinya ce da aka yi wa ubanta canjin wurin aiki daga ƙauye zuwa birni, suka kama ɗaki a wani dogon bene. Uban ya fita tun asuba, ita ta dafa shinkafarta ta ci ita kaɗai. A makaranta ba mai zaginta, ba mai dukanta, ba dai mai ganinta ne. In uban ya bugo waya daga wurin aiki, sai ta gyara murya ta ce komai lafiya, yanzu ma ta dawo daga gidan ƙawarta. Tsofaffin suna ce mata 'Yar-shiru. Wata rana ta yi shanya a saman benen ta tafi makaranta, aka tsuge da ruwa. Ta dawo a guje, sai ta tarar an kwashe kayan, an ninke, an ajiye a ƙofar ɗakinsu. Rabin fim ɗin neman wadda ta yi mata wannan ne, sauran rabin kuma abotarta da yarinyar da ta kwashe kayan, wadda ita ma take jinyar kakarta ba ta gaya wa kowa ba. Sun yi saɓani a kan ƙaramin abu, kowacce ta kasa fara magana, har lokacin rabuwa ya zo.

Inda aka nuna ninkakkun kayan nan a bakin ƙofa, Ngo, wadda ta yi mako takwas ba ta haɗa jimla ba, ta ɗaga murya ta ce, "Wadda ta yi wannan 'yar gidan mutunci ce!" Daga nan ta shiga ba matar Kafanchan labarin maƙwabciyarta ta Jos da ke kwashe mata barkono in hadari ya taso. Sai da kika tsayar da fim ɗin kusan minti goma. Ba ki katse ta ba. A hanyarmu ta komawa gida ta ce mini tana jin yunwa.

Tun daga ranar tambayar ta kama ni. Me ke cikin wannan zanen? Babu waƙa da rawa, babu boka, babu mugu ko ɗaya. Akan yi minti guda ba abin da ake nunawa sai ruwa yana ɗiga daga indararo, ko takalmi ƙafa biyu a bakin ƙofa. Kuna kallon wasu fina-finan a wasu Asabar ɗin, amma duk ranar da aka kawo sabuwar kaka, na 'Yar-shiru ake sawa, kuma waɗanda suka gani sau biyar su ne a gaba.

Na riƙa bin tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Hajiya Aliya ta Zariya, wadda ranar farko ta ce ita ba ta zo Ingila don ta kalli 'yartsana ba, kuma ta ƙare tana share ido tana cewa yajin masa ne, ta ce mini mutanen nan sun san kara. Suna cire takalmi a ƙofa, suna zama a ƙasa su ci abinci, suna rusunawa in za su gaisa, kuma abu yana cin mutum a rai ya haɗiye don kada ya ɗora wa wani nauyi. Ta ce, "Ashe akwai masu irin ciwonmu a can ƙarshen duniya." Amsar Ngo ce ta fi tsaya mini. Ta ce, "Da mutum ce ta gaske, da na ce 'yar wasu ce, tana da iyayenta. Wannan zana ta aka yi. Duk wanda ya kalle ta, tasa ce."

Ni kuma abin da na lura da shi a wurinki yake. In aka zo inda ba a magana, ba kya cika wurin da bayani, sai ki ajiye rimot ki yi shiru tare da su. Na taɓa ce miki ki gaya musu abin da yarinyar take tunani mana. Kika ce, "Ai sun fi ni sani." Haka kuma kullum in an zo wurin wayar nan da uba, muryarki takan yi ƙasa har sai an kasa kunne.

Ke ma na tambaye ki, ba sau ɗaya ba. Karon farko kika ce in sha kununa kafin ya huce. Karo na biyu muna wanke kwanuka, na matsa miki, kika ce, "Ba ni na zaɓe shi ba, aiko mini aka yi." Na ce wa? Kika miƙo mini tsumma kika ce in goge tire.

Ngo ta cika wata shidanta ta koma Jos da kumatu. Mu kuma a 2021 aiki ya mayar da mu Birmingham. Kina turo mini saƙon murya, doguwar gaisuwa, kina tambayar Ethan da sunansa, kina tambayar ciwon ƙafar da ke damun Ngo. Ni kuma in kwana uku kafin in amsa da "muna lafiya, Anti". Sau biyu kika zo garin muka haɗu, na yi mamakin yadda kika san lambobin bas ɗinsa fiye da ni da nake zaune a ciki. Nan ma na bar shi a mamaki.

Ranar Asabar da ta bi jana'izarki na shiga jirgin ƙasa na zo gaisuwa. Falon ya cika da mata. Can da la'asar na sami Yusra ita kaɗai a kicin, na ce mata akwai tambayar da na yi wa mahaifiyarta ba ta amsa ba. Ta yi murmushi ido jawur ta ce, "Ni na aiko mata, Anti."

Ta ce shekararta ta farko ce a jami'a a Birmingham. "Ina da flatmates biyar, gida ɗaya muke zaune, amma sai in yi kwana huɗu ban yi magana da kowa ba. Na daina zuwa lectures. In Mummy ta kira sai in ce I'm fine. Ban san yadda ake faɗin abin da Hausa ba, da Turanci kuma kunya nake ji." Sai ta sa faifan fim ɗin a ambulan ta aiko miki, ba ko takarda a ciki.

Ta ce kin kalla, kin bugo mata kin ce zanen ya yi kyau, ta ce to. Kin sake kallo ba ki ga abin da ake nufi ba. A karo na uku kina guga ne, aka zo inda yarinyar take gyara murya tana ce wa ubanta komai lafiya. Kika zare dutsen guga, kika ɗauki jaka, kika nufi tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly. Kafin magariba kina ƙwanƙwasa ƙofarta. Kwana huɗu kika yi kina shimfiɗa a ƙasa a ɗan ɗakin nan, kina dafa mata miyar kuka a kicin ɗin ɗalibai, kika raka ta wurin GP, wannan karon kina zaune a kujerar uwa. Bayan haka duk mako biyu kina kan hanya har shekarar ta ƙare. Yusra ta gama karatunta, yau tana aikin haɗa magunguna. Ta ce, "Har ta rasu ba ta taɓa tambayata me ya sa na aiko ba. Kuma ba ta gaya wa kowa ba, sai Daddy."

To, Anti, na samu amsata, amma ta zo mini da wata tambayar. Da zan tafi na durƙusa na gaida maigidanki Malam Ishaq. Cikin hira ya ce lokacin da ya kawo ki ƙasar nan a 1993 yana ɗalibi, kin shekara guda a wani ɗaki a unguwar Fallowfield ta Manchester ba ki san kowa ba, kuma shi bai gane halin da kike ciki ba sai bayan shekaru. Wannan ban taɓa ji ba. Na yi ta binciken abin da tsofaffi suke gani a cikin zane, ban taɓa zama na tambaye ki yadda kika yi naki zaman ba. Kwanan nan ina sake sauraron saƙonninki, ina neman ko akwai inda ke ma kika gyara murya. Ban gano ba. Ki yafe mini gajerun amsoshina.

Da na koma gida na kira Ngo na gaya mata. Ta tambayi ko kin sha wahala, ko 'yarki tana kusa da ke. Na ce tana riƙe da hannunki. Ta ce to madalla. Ranar Talatar da ta biyo ta tashi a taron matan zumunta na cocinsu ta ce a yi wa iyalin wata Musulma addu'a, wadda ta ciyar da ita a ƙasar da ba ta da kowa. Ta ce in isar da gaisuwarta, ga shi na isar.

Allah ya jiƙan ki, Anti Safara'u, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Yadda kika buɗe wa baƙi ƙofarki, Allah ya buɗe miki ta rahamarsa. Ina miƙa ta'aziyyata da ta maigidana da ta mahaifiyata ga Malam Ishaq, da Yusra, da 'yan'uwanki na gida Najeriya, da iyayenmu mata da suka zauna a falonki, waɗanda ke nan da waɗanda suka koma. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sa ku ga albarkar abin da ta shuka. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.

Celestina Davou
Birmingham