Murfin Akwatin Fitilu

Ni dai a duniya abu ɗaya na iya, ɗaurin kaya. Shekara goma sha huɗu ina yinsa a Deira, can ƙasar Larabawa, a lungunan kasuwar Murshid Bazaar. Ka ba ni kofunan tangaran dozin ashirin, in ɗaure maka su, su hau jirgin ruwa, su sauka Legas, su sha ramukan hanya har Kano, ko kunnen ɗaya ba zai ɓalle ba. Na fara da wannan fariyar ne don a san irin girman kan da na shiga maganar nan da shi.

A sana'armu akwai doka guda da ba a rubuta ba. Kilo ake aunawa a kago, wato jigilar kaya, saboda haka duk abin da ya zo hannunka, ka zare shi daga kwalinsa ko akwatinsa, ka naɗe shi da naka naɗin, ka jefar da mazubin. Abin ciki shi ne kaya, na waje nauyi ne kawai. Mun saba har hannu yana gamawa kafin kai ya yi tunani.

A Al Nahda nake zaune, kan iyakar Sharjah, mu biyar a gida ɗaya. A masallacin da ke ƙasan beninmu na haɗu da wani tsoho Balarabe, ɗan siriri, mai dogara sanda. Wata rana bayan La'asar ya tambaye ni garinmu. Da na ce Kano sai ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce tun yana yaro yake jin sunan nan a bakin mahaifinsa. Lokacin yaƙin duniya na biyu akwai filin jirgin soja a Sharjah, kuma cikin jiragen da ke sauka akwai waɗanda suka ratso ta garinmu. Mahaifinsa shi ne mai kunna fitilu. Idan jirgi zai sauka da duhu, shi ke jera fitilun kananzir a gefen titin jirgin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kunnawa. Yanzu motoci ke gudu a kan titin, benaye sun tsaya a inda hamada take.

Shi ya ja ni wajen mutanensa. Su wajen goma ne, ba ma'aikatan kowa ba, kuma ba a biyansu. Duk Asabar suke haɗuwa a wani tsohon sito, suna tattara abin da ya rage na filin daga hannun iyalai: hotuna, hulunan matuƙa, wata ƙatuwar rediyo, gilasan agogon jirgi. Wata Baturiya ce shugabarsu, tsohuwar malamar makaranta, mai faɗa kamar uwar gida. Da farko dariya suke ba ni. Na ce a raina, mutane da aikinsu da iyalinsu, sun zo ranar hutu suna goge tsatsa! Sai ga ni Asabar uku a jere ni ma riƙe da tsumma.

Ranar da na fara zuwa, Baba, haka nake kiran tsohon, ya kai ni kusurwa ya ɗora hannu a kan wani akwatin katako baƙi ƙirin, ya ce: “Wannan na mahaifina ne.” Ya ɗaga murfin, ga fitilu shida a jere, masu dogon wuya kamar buta. Ni kuwa idona yana kan fitilun. Na yaba su, na ce ƙarfen da daban ne.

Ana nan sai mai siton ya ce zai rushe ginin. Allah ya taimaka suka samu ɗaki mai sanyi kusa da tsohon filin, har da izinin buɗe shi ga jama'a. Matsalar ita ce kwashe kayan, don rabinsu gilashi ne, rabi kuma ka taɓa su da ƙarfi su marmashe. Ina jin haka na miƙe na bugi ƙirji. Na ce su je can su jira, wannan aikin gidanmu ne.

Kuma na yi aiki, wallahi na yi. Kowa ya tafi sabon ɗakin yana kafa kantocin jera kaya, Baba ya je ganin likita, aka bar ni da tef da soso da buhuna. Kowace fitila na zaro ta daga akwatin, na cusa mata takarda a wuya, na naɗe ta sau uku. Da na ɗaga akwatin na ji nauyinsa, sai na yi tsaki. A cikin murfin na ga wasu karce-karce, na ce ƙusa ce ta yi ta gogarsa shekara da shekaru. Na haɗa shi da kwalayen kanti da suka tara, na kira wani Bafatane, haka ake kiran 'yan ƙabilarsu, mai a-kori-kura da ke kwashe mana shara a Deira, ya zo ya share wurin tas. Tafiyar minti ashirin ce fa, ba wanda zai auna kilo. Hannu ne ya yi abin da ya saba.

Asabar ta zagayo, muka haɗu a sabon ɗakin aka shiga kwance naɗi. Ko gilashi ɗaya bai tsage ba. Baturiya ta ce a tafa min, aka tafa, ni kuma ina ta sunkuyar da kai irin na mai jin daɗi. Baba ne kaɗai bai tafa ba. Yana ta leƙa bayan kantoci, yana ture buhuna da sandarsa.

“Ɗana, ina akwatin?”

Na ce: “Khalas, Baba, an gama, na raba ku da shi. Ga fitilunka nan lafiya lau.”

Ya lalubi kujera ya zauna, ya ce fitilu irin waɗannan sojoji sun bar su da yawa, ko a wasu gidajen za a samu. Mahaifinsa bai iya rubutu ba, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Amma duk daren da ya kunna fitilu, in ya dawo, sai ya ɗauki ƙusa ya ja layi ɗaya a cikin murfin. Layukan nan su ne kaɗai abin da hannun mahaifinsa ya bari a duniya.

Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Kunya ta rufe ni. Ni da nake taƙama ban taɓa ɓatar wa mutum ko cokali ba, na ɗauki uban mutum na ba mai kwasar shara.

Na fita waje na kira Bafatanen. Ya ce kwalaye an riga an niƙa, amma katako yana kai wa wani kafinta ne a unguwar masana'antu, mai haɗa akwatunan kago. Na ce wa Baba ya zauna ya jira ni. Ya ce ina! Ya riga ni shiga tasi.

Kafintan Ba'indiye ne, ya gane akwatin tun kafin in gama kwatance, don ya ce rabon da ya ga katako mai kyan wannan ya manta. Ya farfasa shi. Gefunan suna nan cikin tari, muka zaro su. Murfin kuwa, da yake shimfiɗaɗɗe ne mai ƙarfi, ya buga shi a jikin akwatin tangaran na wata mama 'yar Najeriya, an ɗauke tun ranar Alhamis. Bai san sunanta ba, bai san sito ba. Abin da ya tuna kawai shi ne masu ɗaukar kayan sun zo da koren tef.

A nan ne shekara goma sha huɗun ta yi min rana. Sito ɗaya ne a duk harkarmu ke ɗauri da koren tef, kuma na san ranar Asabar bayan La'asar suke loda kwantena. Na ce wa mai tasi: “Yalla, habibi, taka ta!”

Muka tarar da kwantena baki buɗe, 'yan dako sun fara jan kaya. Akwatuna sun fi talatin a jere, duk farin katako, sai guda ɗaya mai baƙin gefe. Na durƙusa na shafa shi. Shi ne. An juya cikinsa ciki, a bayansa kuma an rubuta alamar mai kaya da baƙar maka, alƙalamin nan mai kauri, da KANO ɓaro-ɓaro a ƙasa. Ina ganin alamar gabana ya faɗi, don na san mai ita. Wata Hajiya ce mai sarin tangaran, wadda na taɓa gaya wa a gaban mutane cewa mai ɗaure mata kaya bai iya ba. Tun ranar ko sallamata ba ta amsawa da kyau.

Mai sito ya ce ba zai taɓa akwatin ba sai da izininta. Na kira ta, na roƙe ta ta zo. Ta taho daga masaukinta a Deira, ta sauko daga mota tana gyara mayafi tana faɗa tun daga bakin ƙofa.

“Kai yanzu saboda wani tsohon katako za ka buɗe min kayan da aka ɗaure aka auna? Kai da bakinka kake cewa akwatin da aka buɗe ba ya komawa yadda yake. In kwantenar nan ta tafi ta bar ni fa?”

Na ce: “Hajiya, ki yi wa Allah ki saurare ni. Laifina ne daga farko har ƙarshe.” Na ba ta labarin kaf, ban rage wa kaina komai ba. Baba yana zaune a kan wani buhu, bai jin Hausa, idonsa a kan baƙin katakon.

Ta dube shi, ta dube ni. “Ko hoton uban ba shi da shi?”

“Babu, Hajiya.”

“Kai kuma ka ba mai shara.”

“Na ba shi.”

“Gwani ke nan! Mai koya wa mutane ɗauri!” Ta juya ga 'yan dakon ta ce su shaida. Sannan ta ajiye jakarta a kan wani kwali ta zauna. “Buɗe. Amma kofi ɗaya ya fashe, duk Deira sai ta ji.”

Na karɓi guduma. Ƙusa goma sha biyu kafintan ya buga, na bi su ɗaya-ɗaya, Baba yana bayana yana cewa shwaiya, shwaiya, wato a hankali. Katakon ya yi ƙara sau ɗaya, amma bai tsage ba. Da ya fito na miƙa wa Baba da hannu biyu. Ya rungume shi a ƙirji, ya juya mana baya.

Saura kayan Hajiya, ga direba yana danna ham. Gefen akwati a buɗe, tangaran ya fara zamowa. Na tuɓe rigata ta sama na shiga aiki. Na sauke su duka, na sake jera su baki da gindi, na cike kowane gurbi, na buga sabon katako, na zagaye da tef. 'Yan dako suka bar lodi suka tsaya kallo, wani yana ƙirga min lokaci da ƙarfi don tsokana. Akwatin Hajiya ne na ƙarshe da ya shiga, ana rufe ƙofa siton ya ɗauki ihu da tafi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da ban taɓa ji a sana'ar nan ba. Hajiya ta ɗauki jakarta ta ce: “To, ka iya. Amma har yanzu ba ka da hankali.” Bayan wata biyu ta aiko min saƙo cewa ko ɗaya bai fashe ba.

Kafintan ya mayar da akwatin yadda yake, ya ƙi yarda a ce masa ko na gode. Na kawo man goge fenti zan share rubutun maka, Baturiya ta riƙe min hannu ta ce kada in kuskura, wannan ma ya shiga tarihin akwatin. Baba ya yi dariya ya ce mahaifinsa ya yi ta son ganin Kanon nan, ga shi saura ƙiris ya je.

Ranar da aka buɗe ɗakin mutane suka cika shi har waje. 'Yan gidanmu na Al Nahda sun zo, Bafatanen ma ya zo da sabuwar riga. Akwatin yana tsakiya, murfi a ɗage, fitilu shida a ciki. Ni aka ba aikin tsayawa kusa da shi in hana taɓawa, kuma na tsaya kamar soja.

Da jama'a suka ragu, Baba ya matso ya kama hannuna, ya karya dokar da kansa. Ya ɗora yatsana a kan layukan, muka bi su jeri-jeri, ɗaruruwa, wasu zurfafa wasu da ƙyar ake jinsu. Can wajen ƙasa yatsana ya faɗa kan wani layi da aka zagaye da da'ira, shi kaɗai a duk murfin. Ramin ɗaya daga cikin ƙusoshin kafinta yana dab da shi, tazarar bai kai faɗin farce ba.

Ya ce: “Daren da aka haife ni ke nan. Ya je ya kunna fitilunsa, ya dawo ya tarar da ni.”

Ya bar yatsana a wurin, shi ma bai ɗauke nasa ba.