Ranar da Gwaggo Hajo Ta Bi Ni Baje Koli

Duk wanda ya san Gwaggo Hajo ta Gangara, yayar babana, ya san ba ta yarda da abin da ba ta ƙwanƙwasa ba. Tukunya ce, ƙwarya ce, kankana ce, sai ta lanƙwasa yatsa ta buga, ta kara kunne kamar mai jiran a amsa mata sallama daga ciki. Ai kun tuna har kan angon Ladi ta gidanmu sai da ta ƙwanƙwasa ranar da ya zo gaida iyaye, ta ce, "To, da ɗan abu ciki."

Lokacin da jam'iyyu suka fito kamar fara, kowace da launinta, ni matan garinmu suka ɗora wa shugabancin ƙungiya. Mun gina ɗakin taro da guminmu, saura kayan ciki. Aka ce in tafi garin Agiye, inda masu sana'ar hannu suka baje koli, in zaɓo. Amma fa ƙungiyar a tsage take, ga ƴan kore, ga ƴan ja, ga wasu ƴan ruwan hoda a gefe. Jagorar ƴan kore ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Balki, in na ga jan abu a ɗakin nan, ni da mutanena mun fita." Ta ƴan ja ma haka ta rantse a kan kore.

Ranar tafiya da safe na zo shiga motar haya, sai ga Gwaggo ta riga ni, har ta gama bin tayoyi da sandarta.

"Gwaggo, ina zuwa?"

"Inda za ki. Ke da ba ki iya zaɓen albasa ba, aka ba ki ɗaki guda?"

Na ce a raina, shi ke nan, kashina ya bushe.

Wurin kuwa ya ƙayatu. Ga ƙore masu zane, ga faya-fayai rataye, dukawa sun jera tumtum na jar fata, maƙera na kaɗa munduwa a rana. Ban ƙoshi da kallo ba na ji ƙwas! ƙwas! Gwaggo ta isa rumfar wata maginiya daga Gidan Rumji, tana bin randuna, kuma da sanda, ba yatsa ba. Ga jandarma biyu tsaye kusa. Innalillahi!

"Inna, a hankali hwa!" in ji maginiyar.

Gwaggo ta nuna wadda ta fi kowace kyau. "Wagga tana da tari."

"Tari kuma? Randa?"

"Zuba ruwa ki gani."

Aka zuba, mutane suka taru. Ni dai na rasa abin da zan roƙa: randa ta yi yoyo baiwar Allah ta ji kunya, ko ta ƙi yi mu sha zagi. Can sai ga ruwa siriri yana bin gindinta. Maginiyar ta riƙe baki, ta ce wallahi ko ita ba ta lura ba. Gwaggo ta zaɓa mana wata baƙa mummuna. Da na ɓata fuska sai ta ce, "Ruwa za ku sha ko zane?"

Wurin masassaƙi kuwa, kujerar tsuguno ta samu ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ɓare goro. Bawan Allah ya jira har ya gaji.

"Hajiya, saye za a yi?"

"Ɗana, kujera ba ta hwaɗin gaskiya sai an jima."

Sai da aka kira azahar ta miƙe, ta shafa baya, ta ce, "Tana cizo," ta yi gaba. Ni aka bari da ba da haƙuri.

Sai muka zo kan abin da nake tsoro, tabarmi. Duk wadda na ɗaga, in ba kore ba, ja. Na tambayi fara, mai saƙar ta ce fararen sun ƙare tun safe, bana kowa tsoron launi yake. Na tsuguna ina hango matan nan suna ficewa ɗaya bayan ɗaya daga ɗakin da muka ɗauki laka a ka muka gina. Gwaggo ta jawo wata babba daga ƙarƙashi, kore, ja da ruwan hoda duk a jere.

"Gwaggo, so kike a cinye ni ɗanya? Ai kowace za ta ga launin abokiyar gabarta!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa mai saƙar, "Naɗe muna uku."

Ranar buɗe ɗaki mata suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ba wadda ta shiga. Jagorar ƴan kore ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu.

"Balki, me na ce miki?"

Sai Gwaggo ta ratso taro, ta tsaya gabanta.

"Ke, wane launi kika ƙi?"

"Ja!"

"To ga shi nan a ƙasa, zo ki danne shi. Ke kuma ta ƴan ja, ga kore, hau ki zauna ki huce. Ɗuwawu dai ba ya da jam'iyya!"

Sai wata daga baya ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka, har da masu riƙe ciki. Jagorar ƴan kore ta shiga, ta nemi inda ja ya fi yawa, ta zauna daɓas da dukan ƙarfinta. Ba wadda ta fita daga ƙungiya, har aka yi zaɓe aka gama.

Da aka watse ina naɗe tabarmi, Gwaggo ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini ƙuli-ƙuli guda biyu. Ta ce, "Ci, ɗiyar ƙanena. Da ubanki na da rai, da shi zai raka ki." Ta juya da sauri don kada in ga idonta.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Hajo, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata mata makwanci. Yadda ta tsaya wa marainiya, Ya Allah Ka tsaya mata. Amin.