Abin da Dada ta faɗa a asibiti

A gidanmu na Dubeli babu wanda ya zauna ya koyi yare, tashi muka yi muka tarar da su. Baba Bafulatanin Yola ne, da Fulatanci yake mana faɗa. A layi Hausa muke yi, irin tamu ta Jimeta da ba ta damu da mace ko namiji ba. Mahaifiyarmu, Dada, 'yar Barno ce, aure ya kawo ta, zanen Barebari yana nan a kumatunta. Barbarcinta a madafa ya tsaya, a can na tsinci ɗan nawa: kawo ruwa, rage wuta, tashi daga nan. Hamma, yayana, shi ya iya shi sosai, don ya yi shekaru a wajen kakanninmu na Barno kafin a dawo da shi makaranta. Ya haɗa da Turanci da buroka, har da yaren Ibo da ya kwasa a shagunan kayan mota. Idan aka yi baƙo, shi Baba yake kira a gwada.

Baba ya riga ya rasu, bai ga shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo wa 'yan tada ƙayar baya suka cika gari da ƙunshin kayansu ba. A shekarar aka fara yi wa Barebari wani irin kallo. A tasha, a shingen sojoji, a kasuwa, da an ji harshen sai a ja da baya. Hamma yana aikin gwamnati a Yola, yana jiran ƙarin girma. Ya zo ya kafa doka, kada a ƙara jin Barbarci ko a tsakar gida, wai katangarmu gajera ce. Dada ta ce to. Ta daina zuwa kasuwa. In za ta leƙa ƙofa sai ta ja mayafi ta rufe kumatu.

Ana cikin haka hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye. Da ta farfaɗo a asibiti babu Hausa a bakinta, babu Fulatanci. Barbarci kaɗai ya rage mata. Matan da ke jinyar 'yan uwansu a ɗakin suka ji, suka fara jan tabarminsu nesa da gadonmu.

Likita ya zo zagayen safe, ya saurare ta, ya ce, “Wane yare take yi? Akwai mai ji a cikinku?”

Hamma ya amsa da Turanci mai kyau. Ya ce Bafulatana ce, wannan sambatun ciwo ne kawai. Turancina na firamare ne, amma ya isa in gane.

Na ce, “Barbarci ne, likita.”

Likitan bai nuna komai ba, ya ce in tambaye ta inda yake mata ciwo. Na haɗa abin da na iya, ta nuna ƙeyarta.

Da la'asar ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya ta fara magana. Wannan ba neman ruwa ba ne. Magana ce doguwa, a tsare, tana yi tana hutawa, idonta yana kan ƙofa inda Hamma ya tsaya. Na ji sunana a ciki, na ji kalmar gida. Sauran ya fi ƙarfina.

Na je wajensa, na yi masa Fulatanci. “Hamma, don Allah matso ka faɗa mini abin da take cewa.”

“Ke, rage murya. Tonon asirin da kika yi mana da safe bai ishe ki ba?”

“Uwarka ce fa.”

“Na sani, ba ke za ki tuna mini ba. A bari a sallame ta, a gida zan zauna da ita.”

Daga inda yake yana jin kowace kalma. Na ga hakan a fuskarsa. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka yana gaisuwa da Turanci, ya bi baranda ya tafi.

Wata 'yar Ibo mai jinyar ɗiyarta a gadon kusa, ita kaɗai ba ta ja tabarmarta ba. Ta taɓa ni ta ce, “'Yar uwa, koma ka zauna. Mama yana so a ji shi.” Na koma na riƙe hannun Dada har ta gaji ta yi shiru. Daga ranar ba ta ƙara yin doguwar magana ba, kuma ba a sallame ta ba. Daga asibitin aka ɗauko gawarta.

A zaman makoki Hamma ne a gaba, yana karɓar gaisuwar kowa da yarensa. Na ji wani dattijo yana yaba masa, wai Allah ya ba shi harshe. Na tashi na shiga ciki.

Yanzu gari ya lafa. An ce a wajen aiki har raha yake yi da baƙi 'yan Maiduguri da Barbarci. Bara na same shi shi kaɗai na tambaye shi abin da Dada ta faɗa ranar nan. Ya ce addu'a ce kawai. Na san yadda Dada take addu'a, na tashi ina jin ta. Wannan ba ita ba ce. Na gaya masa haka, ya ce to ya manta.