Wuƙaƙen da ke Kwallar Kubura

Kubura mai albasa ba ta zuwa kasuwa babu wuƙa, kuma ba ita kaɗai ba. A layin albasa na Kasuwar Kilomita Biyar, a nan Bangui, kowace mace tana da 'yar wuƙa mai naɗewa a lalitarta, wadda a nan muke ce wa kanif. Da ita ake yanke igiyar buhu, da ita ake tsaga albasa a nuna wa mai saye cikinta, da ita ake fere mangwaro in rana ta take. Rumfata tana kallon tata. Carbi da turare da huluna nake sayarwa, don haka yawancin abin da zan faɗa daga kan bencina na gan shi.

A unguwar Miskine aka haife ta. Mahaifinta ya zo daga Damagaram da fataucin goro, ya zauna bai koma ba. Ita ba ta taɓa ganin Damagaram ba. Sango, yaren ƙasar nan, a bakinta kamar ruwa, ta fi wasu masu yaren iya zagi da shi. Mijinta direba ne, ya rasu tun gari yana lafiya, ya bar mata 'ya ɗaya da ta yi aure a Duwala.

A farkon shekarar 2014 aka fara jera manyan motoci ana kwashe mutanenmu, wasu Cadi, wasu Kamaru. Ba zan tsaya kan abin da ya sa ba. Wanda ya gani ya sani. Abin da ya shafi labarin nan shi ne gargaɗin direbobi: kada kowa ya hau da ƙarfe mai kaifi, ko da na yankan farce ne. Akwai shingaye a hanya, ana zazzage kaya, kuma wuƙa ɗaya ta isa hujja a kan mota guda.

Da safen da matan layin albasa za su tafi, Kubura ta raka su tasha. 'Yarta ta aiko ta taho, 'yan uwa sun yi ta roƙo, ta ce cibiyarta a garin nan take binne, wanda ke son ta tashi ya fara tono ta. Tana tsaye gindin mota sai Rabi'atu, maƙwabciyar rumfarta, ta kwance lalita ta miƙo mata kanif.

"Riƙe mini, Yaya. In na dawo na karɓa."

"To, kar ki daɗe. Ni ba mai gadi ba ce."

Sauran suka gani, suka yi ta miƙowa ta saman mota. Kubura ba ta karatu, ba ta rubutu. Sai ta ce kowace ta yago ɗan ƙyalle daga gefen zanenta ta ɗaura a zoben wuƙar. Ta koma gida da talatin da huɗu a haɓar zane, ta zuba su a wata kwalla mai murfi, irin ta kayan ɗakin amare.

Tun daga nan kwallar take zuwa kasuwa tare da ita, tana zama ƙarƙashin teburin albasa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci takan fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe, ta goga man gyaɗa a gaɓar, ta naɗe. Ba ta aiki da ko ɗaya, tata ta ishe ta. Da hanya ta fara buɗewa wasu suka dawo. Mace ta zo ta ce tata take so, Kubura ba za ta buɗe murfi ba sai ta ji kalar ƙyallen. In ta faɗa daidai a ba ta, a yi kuka kaɗan, a sha shayi. Tara suka fita ta wannan hanya. Wata ta aiko ƙaninta daga Garwa Bulai ta iyakar Kamaru, ya kasa faɗin kalar, ya koma hannu wofi, sai da ya sake dawowa da ragowar zanen kansa.

Rabi'atu ba ta dawo ba, ba ta aiko ba. Motarsu ta bar Bangui, wannan kowa ya gani. Inda ta tsaya ne ba a samu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba.

Ɗanta Sha'aibu lokacin yana karatu a Yawunde. Ya dawo da Faransanci mai kyau da takalmi mai ƙyalli, aka naɗa shi sakataren kwamitin layinmu, wanda ke raba rumfuna da sasanta rigima. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ci na wani ba. Hausarsa ce dai ta yi ƙaranci, kamar ta yawancin sa'o'insa. Da Sango yake tunani, da Faransanci yake rubutu, Hausa sai in zai gaida manya.

A wata shekara da aka yi ta tarukan sulhu, takarda ta zo wa kwamiti. Za a yi taro a bakin kasuwa, manyan baƙi za su zo, kowane layi ya kawo makaman da ke hannun mutanensa a ɗora a tebur a ɗauki hoto. Waɗanda ke da abin da ake nema, kowa ya san ƙofarsu. Ban ga wanda ya ƙwanƙwasa ba. Teburin layinmu zai kasance wayam, sai wani a kwamiti ya tuna da kwallar Kubura.

Takardar ta ambaci bindigogi, ta kuma ambaci abin da Faransawa ke kira armes blanches, wato duk ƙarfe mai kaifi ko tsini, ko da yake blanches ita kaɗai fari take nufi. Sha'aibu ya ɗauki lasifika ya zaga layi kwana uku yana sanarwa da Hausa don manya su ji. Da ya zo kan kalmar sai ya juya ta yadda ta zo masa: duk mai bindiga ko farin makami ya kawo kafin Alhamis, wanda ya ɓoye zai rasa rumfarsa.

Na ji shi tun ranar farko. Na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a shagon wani Bafaranshe, na san inda fassarar ta kauce. Na ci gaba da jera hulunana.

Ranar Laraba da hantsi Sha'aibu ya zo wurin Kubura da mutum biyu na kwamiti. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata.

"Inno, kin ji sanarwa."

"Na ji, ɗan nan. Kwana uku kana hana mu jin kiran salla."

"To, kwallar muka zo ɗauka. Gobe ne taron."

"Me ka ce a kawo?"

"Bindiga ko farin makami."

"Sake faɗa, matan can ba su ji ba."

Ya sake faɗa. Matan layin sun riga sun bar ciniki, masu saye ma sun tsaya, har wani mai babur ya kashe injinsa. Kubura ta share albasa gefe, ta shimfiɗa buhu a kan tebur, ta jawo kwallar. Ta riƙa ɗauko su tana buɗewa tana jerawa, ba gaggawa. Ƙarfen da ya shekara yana shiga albasa da lemun tsami ba ya zama da haske. Duk sun yi baƙi, wasu kamar gindin tukunya. Ƙotocin kuwa na itace ne, ja da ruwan ƙasa.

"Ga su nan. Nuna mini farar."

Wata daga baya ta ce da Sango a kawo masa tabarau. Aka yi dariya.

"Inno, ba kala ake nufi ba."

"Kai ka ce fari. Ni ban je Yawunde ba, abin da aka faɗa mini da Hausa shi na sani."

Ya juyo wajena, gumi ya fara tsattsafo masa. "Baba Mahaman, kai ka san Faransanci. Yi mata bayani."

Na ce masa Faransancina ya tsufa tare da ni, kuma abin da kunnena ya ɗauka daga lasifika, fari ne.

Kubura ta sa hannu a lalita ta fito da wata kanif da 'yarta ta aiko mata daga Duwala, mai ƙyalli kamar cokalin otal. Tun da ta zo take ƙorafi a kanta, wai ko tumatir sai ta roƙe shi kafin ta yanka.

"Wannan ce fara. Tawa ce, ina da iko da ita. Ɗauka ka kai wa baƙinka, ka ce daga Kubura."

Bai miƙa hannu ba. Idonsa yana kan jerin da ke bisa buhu. Ya rage murya, ya koma Sango, ita kuma ta ci gaba da amsa masa da Hausa.

"Ta Mama tana ciki."

"Tana ciki."

"To, ni ɗanta ne. Ba ni ita, ko ita kaɗai."

"Wace kala ce ƙyallenta?"

Ya dubi ƙyallayen. Duk sun koɗe, shuɗi ya koma toka, ja ya koma ruwan goro. Ba ya nan ranar da mahaifiyarsa ta hau mota. Bai san zanen da ta ɗaura ba.

"Inno, shekara nawa yanzu. Mun yi mata sadaka. Kin ci abincin sadakar."

"Na ci, yunwa nake ji. Ka ga kabarinta?"

Ya girgiza kai.

"Ni ma ban gani ba. Ce mini ta yi in riƙe mata har ta dawo. Ba ta ce in ba ɗanta ya kai a ɗauki hoto ba. Ranar da ka kawo mini wanda ya zuba mata ƙasa da hannunsa, za mu zauna ni da kai da malamai. Kafin nan ajiya ce."

Ɗaya daga cikin mutanen kwamiti ya ce maganar ta isa, doka doka ce, ko kwalla ko rumfa. Ya kai hannu wajen buhun. Kubura ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ko wuƙa ɗaya ba. Tafin hannunta kawai ta ɗora a kan jerin ta dube shi. Mutumin ya tuna shekarunta, ya tuna matan da ke bayansa, ya mai da hannunsa aljihu.

Aka yi taro ranar Alhamis. A teburin layinmu akwai tsohuwar bindigar farauta da ba ta da kunama, da adduna uku, da farar kanif ta Duwala a tsakiya tana ɗaukar ido. An ce ita ta fi fitowa a hoto.

Ranar Asabar takardar kwamiti ta zo. Sha'aibu bai kawo da kansa ba. An ba wani rumfar Kubura, wadda ke bakin hanya inda kowa ke wucewa. Ita an mai da ta can ƙarshen layi, bayan masu gawayi, gefen lambatu. Mata suka ce za su rufe rumfuna su tafi ofishin kwamiti. Ta hana su, ta ce albasa ba ta jiran rigima, ruɓewa take yi. Ni na je na same ta, na ce in ta yarda zan yi magana da manya, ko biyar ta bayar a rufe bakin mutane, tun da akwai waɗanda aka tabbatar masu su sun rasu.

"Malam, wa ya tabbatar?"

Na fara lissafo sunaye. Ta bar ni na kai na uku.

"Waɗannan suna da 'ya'ya mata. In sun zo da kalar zane, su karɓa. Kwamiti ba ɗan kowa ba ne."

Masu turin kaya suka kwashe buhuna. Kwallar ita ta ɗauka da kanta, a ka, ba ta bi ta bayan rumfuna ba inda ya fi kusa. Ta bi tsakiyar layi tana gaisawa da kowa, rumfa rumfa, kamar mai sallamar tafiya Makka. Na lura ranar kowace mace a layin ta fito da kanif ɗinta fili ta sami abin yankawa a gaban teburinta, har da waɗanda ba su da mai saye.

Sabon wurin ba shi da daɗi. Ƙurar gawayi tana sauka a kan albasa, in an yi ruwa lambatu yana cika har ƙafar tebur. Cinikinta ya ragu, ba ta ɓoye ba. Da kwamiti ya sauya hannu aka aiko mata cewa ta rubuto takardar ban haƙuri a duba maganarta. Ta ce ba ta iya rubutu ba, kuma ba yanzu za ta koya ba.

Abu ɗaya ta nema, kuma a wurina ta neme shi, a ranar da ta tashi. Ta dawo da la'asar ta tsaya gaban rumfata, tana kallon sabon mai wurin yana jera bokitan roba.

"Malam Mahaman, kai kana nan kullum."

"In Allah ya yarda."

"In wata ta sauka daga mota ta zo nan tana dube-dube, kada ka bari wannan mai bokitin ya ce mata bai san ni ba. Ka ce ta miƙe har ƙarshen layi, ta wuce masu gawayi."

"Zan faɗa."

"In da kaya a hannunta, ka karɓa ka ajiye mata. Hanyar akwai santsi."