Tef Ɗin Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma, yayan mahaifiyata, ya san tef ɗin awon nan ruwan ɗorawa da ke rataye a wuyansa. Shi ba tela ba ne, gyaran talabijin yake yi a kasuwar Dilimi. Amma in ya shigo falonka, kafin ya amsa gaisuwa ya riga ya ɗora tef a fuskar talabijin ɗinka. Ya auna faɗi, ya auna tsayi, ya dubi yadda fuskar mai karanta labarai ta yi faɗi, ya girgiza kai: "An ja mutum! Wallahi an ja shi!"

Makon jiya matarsa, Inna Hajara, ta damƙa min hotonsa, guda ɗaya tilo da ya taɓa yarda aka ɗauke shi. Ta ce in kai a ƙara masa girma, a sa a firem kafin sadakar arba'in. Kun dai san ni. Ni ne mai kulle shago ya dawo sau uku ya taɓa kwaɗo, karatuna kuma a firamare ya tsaya. Tun da hoton ya shigo hannuna tsorona ɗaya ne: kada a ja fuskar mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da masu jan fuska.

Kun tuna ranar gidan kallon ƙwallo na Anguwan Rogo? Ni na kai shi, wata Asabar bayan la'asar. Bai yi minti biyar ba ya miƙe.

"Jama'a, wannan ƙwallo ce ko ƙwan agwagwa?"

"Baba, zauna mana!"

Ina! Ya fizge rimot daga hannun mai wurin ya danna. Hoto ya tsuke, baƙin fili ya fito dama da hagu.

"Baba, ka cinye mana rabin talabijin!"

"Ban ci komai ba. Hoton huɗu da uku ne, kuka shimfiɗa shi a kan sha shida da tara. Ku dubi golan nan! Ɗazu kamar buhun dankali, yanzu ga shi ɗan Adam."

Ana cikin wannan hayaniya aka zura ƙwallo a raga, ba wanda ya gani. Da ƙyar na fito da shi. A bakin ƙofa ya juya ya ce musu, "Ko ba komai, zagayayya ce ta shiga!"

Abin ya tsaya min a rai. Washegari na je shagonsa na ce, "Kawu, wai mene ne huɗu da ukun nan?"

Ya ciro wani ƙullin gyaɗa daga durowa. Ya jera huɗu a kwance, uku a tsaye. Sannan ya mayar da su takwas da shida.

"Me ya canza?"

"Ya ƙaru."

"Girma ya ƙaru, siffa tana nan. Shi ke nan ilimin. Faɗi ake fara faɗa, sannan tsayi." Ya miƙo min tef ya nuna wata sabuwar talabijin. Na auna: faɗi inci talatin da biyu, tsayi sha takwas.

"Raba kowanne biyu."

"Sha shida... da tara."

"To ka ga! Su injiniya manya!"

Ya ce in hoto bai dace da gidan da za a sa shi ba, hanya uku ce: ka yanke, ka bar fili, ko ka ja. "Ta ukun nan zalunci ce, Sani." Ni kuwa tsabar zullumi na ɗauki gyaɗa ɗaya na jefa a baki.

"La ilaha! Ka cinye min kayan aiki! Gyaɗar nan ta girmi aurenka!"

Kwana biyu ina jiran cikina ya murɗa.

Sau ɗaya na ga an kayar da shi. Ranar sunan 'yata, ƙanwata Zulai tana ɗaukar bidiyo da waya a tsaye.

"Ke Zulai, kwantar da wayar nan! Ido biyu Allah ya ba ki a jere, ba ɗaya kan ɗaya ba!"

"Kawu, a waya za a kalla. Yanzu a tsaye ake yi, tara da sha shida."

Ya karɓi wayar, ya buɗe bidiyon, ya auna. Ya kwantar da ita, ya tayar, ya sake aunawa.

"Ikon Allah! Ashe sha shida da tara ce ta miƙe tsaye!"

Haka ya wuni a lungu yana juya wayar mutane, har naman suna ya ƙare bai samu ba. Washegari ya aika wa Zulai da tukuici: gyaɗa uku. Na hana ta ci.

Shekaru ina tambayarsa me ya haɗa shi da wannan faɗa, sai ya ce, "Sha'awa ce." Sai da ciwo ya kwantar da shi, wata safiya ina gyara masa bargo saboda sanyi, ya faɗa min. Mahaifiyarsa, kakata da ban taɓa gani ba, hoto ɗaya ta bari. Farkon zuwan kwamfuta ya kai a ƙara masa girma. Aka ja fuskar ta cika takarda, na asalin kuma ya ɓace a shagon.

"Yanzu in na rufe ido, mai faɗin fuskar nake gani," in ji shi. "Ta gaskiyar ta ɓace min."

Da wannan magana a zuciyata na shiga shagon Oga Pam, mai buga hotuna a Kwararafa. Firem ɗin da 'yar Kawu ta saya faɗi inci sha shida ne, tsayi tara. Hoton kuwa huɗu da uku.

"Ba wahala," in ji Oga Pam. "Zan ja shi kaɗan ya cika."

Na ciro tef ɗin Kawu, da Inna Hajara ta bar min, daga aljihu.

"Oga, tsaya. Uku sau uku tara. To huɗun ma sau uku za a yi, sha biyu ke nan. Saura inci huɗu, biyu dama, biyu hagu."

"Ko mu cika faɗin, mu yanke sama da ƙasa?"

"Hula za ta tafi, tef ɗin wuyansa ma zai tafi. A bar fili."

Ya dubi tef, ya dubi hoton, ya dafe kai. "Kai! Ba baban nan ba ne da ya sa na sake buga ƙyallen talla har sau biyu?" Ya yi dariya har da hawaye. Da na ce ya rasu, ya cire hularsa, ya zauna ya yi aikin a hankali.

Da hoton ya fito, akwai zagayayyen agogon bango a bayan Kawu. Na auna shi a kwance, na auna a tsaye, daidai. Sau uku na auna. A cikin keke napep ma na roƙi direba ya tsaya na ƙara.

Inna Hajara ta karɓa ta ce, "Sani, ya na ga gefe da gefe ba komai?" Kafin in buɗe baki ta matso da shi kusa da ido. Ta daɗe tana kallo.

"Shi ne," ta ce. "Har kunnuwan."

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa faɗi da tsayi. Allah ya sada shi da mahaifiyarsa a Aljanna, ya ga fuskarta yadda Ka halicce ta. Amin.