Gidan da Ba a Taɓa Cikewa Ba

Har na yi ritaya ban manta ranar da Talatu ta tsaya a gaban teburina ba. Lokacin ina saje mai kula da rajista a wani ofishinmu na 'yan sanda a yankin Malumfashi. Aikina shi ne duk ƙarshen wata in cike fom ɗin da ake turawa hedikwata, daga can a haɗa da na ƙasa baki ɗaya. Kowane laifi da gidansa: sata, duka, satar shanu, fyaɗe.

Gidan fyaɗe kullum sifili nake rubutawa. Ba wai ba a yi ba ne. Dangi ne ke zuwa su roƙa a rufa musu asiri, sai mu rubuta duka. Duka kuwa dattawa na iya sasantawa a nan ofis, mutum ya koma gida. Fyaɗe sai babbar kotu. Har yabo muka sha samu kan zaman lafiyar yankinmu.

Talatu mijinta ya rasu, ita ke noma masararta a wajen Ƙarfi. Maƙwabcin gonarta ne ya afka mata. Yayanta Malam Iro ya riga ta shigowa, ya ce, "Yallaɓai, a sa duka kawai, tana da 'ya'ya mata." Na sa.

Da ta shigo ta ce, "Saje, karanta min abin da ka rubuta."

Na karanta.

"Duka? Ai ko jakina ina dukansa. Da saboda duka ne da ban baro gona ba."

Malam Iro ya ce ta yi wa Allah ta yi shiru. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"In kun sake shi, gobe ma kunya ɗaya ce tsakanin gonata da tasa. Ku za ku raka ni?"

Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Na kai wa Oga, shugaban ofishinmu, maganar. Ya daɗe yana kallon fom ɗin, sannan ya ce, "Ka san mutanen hedikwata za su kira ko?" Na ce na sani. Ya ce in gyara.

Sun kuwa kira, suna tambayar me ya lalata yankinmu a wata ɗaya. Mutumin dai bai koma gona ba, Talatu ta girbe masararta.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga: in kun ga sifili a wannan gidan, kada ku yi saurin cewa gari lafiya. Ku fara tambayar wa ke riƙe da biron.